Yadda za ka yi da katin kashbak idan kana kan hanyar sayen gida a Amurka

Idan ka riga ka miƙa takardun neman rancen gida, ko kana shirin miƙawa nan da wata uku zuwa shida, kada ka nemi sabon katin bashi, komai daɗin kashbak ɗin da ake tallatawa. Ka haƙura har a rufe ciniki, banki ya saki kuɗi, makulli ya shigo hannunka. Kusan duk jami'in rance da za ka zauna da shi abin da zai gaya maka ke nan. Sai dai galibinsu a gurguje suke faɗa, ba sa tsayawa bayani, shi ya sa mutane ke ɗauka gargaɗi ne na al'ada kawai, su je su yi abinsu a ɓoye. Wanda ya san inda abin yake cizo ba ya wannan ganganci, kuma zai gane cewa akwai lokacin da buɗe katin ma taimako ne.

Katin kashbak dai katin bashi ne da ke mayar maka da ɗan kaso na duk abin da ka kashe da shi. Wasu kaso 1.5 cikin 100 suke bayarwa, kamar Chase Freedom Unlimited, wasu kaso 2, kamar Citi Double Cash da Wells Fargo Active Cash. Da yawa kuma suna haɗawa da tukwicin shiga, misali dala 200 idan ka kashe dala 500 cikin wata ukun farko. Mai sayen gida kuwa ga kashe-kashe na jiransa: firji, injin wanki, gado, kujeru, labule, fenti, motar kwashe kaya. Sai zuciya ta ce, tunda kuɗin nan dole ne su fita, me zai hana a ci riba a kansu? Lissafin daidai ne. Lokacin ne bai yi ba.

Fara da biro da takarda

A ce kana kashe dala 1,500 a wata ta kati. Kati mai kaso 2 zai dawo maka da dala 30. Daga ranar da mai gida ya karɓi tayinka zuwa ranar rufe ciniki yawanci kwana 30 zuwa 60 ne, ke nan abin da jira zai hana ka bai wuce dala 60 ba. Idan tsohon katinka yana ba da kaso 1, dala 30 ce kacal. Tukwicin shiga kuwa ba ya cikin asara, domin irin wannan tayi ba ya yankewa a kasuwa, bayan ka tare za ka same shi ko ɗan'uwansa.

Yanzu juya ɗaya gefen. Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanoni biyun da ke sayen yawancin rancen gidaje na gama-gari daga hannun bankuna, suna da jadawalin ƙarin caji da ya dogara da makin bashinka, wato lambar da ke auna tarihinka na biyan bashi, da kuma yawan abin da ka zuba daga aljihunka. Makin hawa-hawa ne, kowane hawa maki 20: 780 zuwa sama, sai 760 zuwa 779, sai 740 zuwa 759, sai 720 zuwa 739, haka har ƙasa. A jadawalin da ya fara aiki a watan Mayun 2023, wanda ya zuba kaso 20 na kuɗin gida kuma makinsa yana hawan 740 ana cajinsa kaso 0.875 na rancen. Da ya zame zuwa hawan 720, cajin ya koma 1.25. A rancen dala 300,000 wannan bambanci dala 1,125 ne. Banki bai cika cewa ka biya shi a dunƙule ba, yakan narkar da shi cikin kuɗin ruwa. Rancen dala 300,000 na shekara 30 a kan ruwa 6.5 biyansa dala 1,896 ne a wata. Idan ruwan ya koma 6.625, biyan ya zama dala 1,921. Dala 25 a wata ba ta da girma a ido, amma a shekara 30 ta kusa dala 8,900. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Abin lura a nan shi ne ba kowa abin ke bugu daidai ba. Mai maki 800 ko ya rasa goma yana nan a hawansa. Mai maki 742 kuwa maki uku sun isa su sauke shi. Wanda ke bakin 620, inda bankuna da yawa ke tsayar da ƙafa a rancen gama-gari, ko bakin 580, inda rancen FHA, wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, ke yarda da zubin kaso 3.5, shi ba maganar tsada yake yi ba, maganar samu ko rashi ce. A FHA, da maki ya sauka ƙasa da 580, zubin farko ya tashi zuwa kaso 10.

Abin da ke faruwa da zarar ka tura fom ɗin kati

Na farko, kamfanin katin zai buɗe rahoton bashinka a ɗaya ko fiye daga hukumomi ukun da ke ajiye shi, wato Equifax, Experian da TransUnion. Dubawa iri biyu ce. Akwai leƙe, irin wanda kake yi da kanka ko wanda kamfani ke yi kafin ya aiko maka da talla, wannan ba ya taɓa maki. Akwai kuma bincike mai barin sawu, wanda ake yi idan ka nemi bashi da gaske. Kamfanin FICO, mai ma'aunin makin bashi, ya ce ga yawancin mutane bincike ɗaya bai kai rage maki biyar ba. Sawun yana zama a rahoto shekara biyu, amma wata 12 kaɗai yake shiga lissafin maki. Wanda tarihinsa gajere ne, kamar wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, ya fi jin jiki.

Mutane sukan ji an ce idan ka zagaya bankuna kana neman rancen gida, duk binciken ɗaya ake ƙirgawa. Gaskiya ne, muddin an yi su a tsukin kwana 14 a tsofaffin ma'aunan FICO, ko kwana 45 a sababbi. Amma wannan rangwame na rancen gida ne da na mota da na karatu. Katin bashi ba ya ciki. Kati uku, sawu uku.

Na biyu, sabon asusu yana rage shekarun tarihinka. Idan kana da asusu uku, ɗaya shekara 6, ɗaya 4, ɗaya 2, matsakaicin shekarunsu 4 ne. Da sabon kati ya shigo, an raba 12 gida huɗu, ya koma 3. Mai asusu biyu, ɗaya shekara biyu ɗaya shekara ɗaya, zai sauko daga wata 18 zuwa wata 12. A ma'aunin FICO, biya a kan lokaci shi ke da kaso 35, yawan bashin da ke kanka kaso 30, tsawon tarihi 15, sabon bashi 10, nau'o'in bashi 10. Sabon kati yana taɓa biyu daga ciki a take, kuma da ka loda masa kaya ya taɓa na uku, wanda ya fi su nauyi.

Na uku shi ne wanda ya fi rusa ciniki, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi: kason albashinka da bashi ke ci. Mai tantance fayil, wato ma'aikacin bankin da ke duba cancantarka, yana tara duk abin da ya wajaba ka biya a wata, ya raba da kuɗin shigarka kafin cire haraji. A ce kana samun dala 7,000 a wata. Biyan gidan da harajinsa da inshorarsa dala 2,450, mota 420, bashin karatu 150, tsohon kati 60. Jimla dala 3,080, wato kaso 44. Sai ka buɗi sabon kati ka ɗora masa kujeru da gado na dala 4,000. Tunda katin sabo ne, rahoto bai nuna mafi ƙarancin biyansa na wata ba, kuma ƙa'idar Fannie Mae a irin wannan hali ita ce a ɗauki kaso 5 na bashin idan babu takardar da ta nuna wani adadi. Dala 200 ke nan. Jimla ta koma 3,280, kusan kaso 47. Fayil ɗin da ake tantancewa da hannu a tsarin Fannie Mae ba ya wuce kaso 45, wanda kwamfuta ke tantancewa yana iya kaiwa 50, amma tsallake 45 ɗin kaɗai ya isa a sake mayar da fayil ɗin cikin na'ura, kuma babu tabbas amsar da ta bayar da farko ita za ta sake bayarwa. Niyyarka ta biyan dala 4,000 ɗin gaba ɗaya a ƙarshen wata ba ta shiga lissafi. Abin da ke rubuce ake dubawa.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da makin da kake gani a waya. Manhajoji irin su Credit Karma makin VantageScore, wani ma'auni daban da na FICO, suke nunawa. Masu rancen gida kuwa sun daɗe suna amfani da tsofaffin ma'aunan FICO, mai lamba 2 daga Experian, 4 daga TransUnion, 5 daga Equifax, su jera ukun su ɗauki na tsakiya. Idan miji da mata ne ke nema tare, farashin rancen yana bin wanda makinsa na tsakiya ya fi ƙasa. Don haka kada ka ga 755 a waya ka ɗauka kana da sarari. Abin da banki zai gani yana iya yin ƙasa da haka.

Ba sau ɗaya banki ke dubawa ba

Da yawa suna zaton da an ba su takardar amincewar farko, an gama da rahotonsu. Ba haka ba ne. Tun 2010 Fannie Mae ya ɗora wa bankuna alhakin tabbatar da cewa babu bashin da aka ɓoye har zuwa ranar rufewa. Saboda haka kusan kowane banki yana sake leƙa rahoton 'yan kwanaki kafin a rufe, wasu ma da safiyar ranar. Wasu kuma suna biyan hukumomin rahoto su sa musu ido a kan fayil ɗinka tun daga ranar da ka nema, da sabon bincike ya bayyana saƙo ya isa teburin jami'in rance.

Wannan leƙe na ƙarshe galibi sabon bashi yake nema, ba sabon maki ba. Makin da aka ɗauka da farko shi ake aiki da shi, muddin rahoton bai haura wata huɗu ba a ranar da za ka sa hannu. Amma idan ciniki ya ja, kamar gidan da ake kan ginawa, ko aka ga abin da ya sa mai tantancewa ya nemi cikakken rahoto, to sabon makin ne zai hau kujera. Ke nan kafin ka nemi rancen, haɗarin katin yana kan maki da farashi. Bayan ka nema, haɗarinsa yana kan kason bashi da ɓata lokaci.

Akwai kuma maganar sa hannu. Fom ɗin neman rancen gida, wanda aka fi sani da lamba 1003, yana da tambaya ƙarara: shin ka nemi wani sabon bashi, har da katin bashi, ko za ka nema kafin a rufe, wanda ba ka ambata a fom ɗin ba? Ranar rufewa za ka sake sa hannu a kan wannan fom. Faɗin ƙarya da gangan a takardar rance laifi ne a dokar tarayya. Ba tsoratarwa ba ce, amma bai dace mutum ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka yake ba saboda dala 200.

Ko da katin bai taɓa maki ba, bai kuma ɗaga kason bashi ba, yana cin kwanaki. Mai tantancewa zai nemi ka rubuto wasiƙar bayani: wane kamfani ne, yaushe, an buɗe asusu ko ba a buɗe ba. Idan an buɗe, zai nemi takardar da ke nuna iyakar katin da bashin da ke kai da biyan wata. Katin da aka amince da shi jiya ba shi da takardar lissafin wata, wani lokaci ma bai iso ta gidan waya ba. Kana ta kiran kamfanin kati, kwanaki na tafiya. Kuɗin ruwan da banki ya ɗaure maka na kwana 30 ko 45 ko 60 ne, idan wa'adin ya cika sai ka biya kuɗin tsawaitawa ko ka karɓi farashin ranar. Mai gida kuma ba dole ne ya jira ka ba. Kafin alƙalamin da ka ajiye, wanda yawanci kaso 1 zuwa 3 ne na kuɗin gida, yana iya salwanta idan sharaɗin samun rance da ke cikin yarjejeniya ya riga ya ƙare.

Yadda za ka tsara abin bisa lokaci

Idan sayen gidan saura shekara ɗaya ko fiye, kana da damar buɗe kati, kuma ga wasu ma shi ya fi. Wanda kati ɗaya gare shi mai iyakar dala 2,000, yana kashe 800 a kai kowane wata, rahoto yana nuna ya ci kaso 40 na iyakarsa. Idan ya ƙara kati mai iyakar 4,000 bai ƙara kashewa ba, kason ya sauko kusan 13. Kafin shekara ta zagayo sawun binciken ya daina tasiri, katin kuma ya tara wata 12 na biya a kan lokaci. Ɗaya za ka buɗe, ba uku ba. Ka zaɓi wanda babu kuɗin shekara a kansa, ka fara gwada shafin kamfanin da ke duba cancanta ta hanyar leƙe, don kada ka ɓata sawu a kan katin da za a hana ka. Ka saita biya ta atomatik tun ranar farko, domin lattin kwana 30 sau ɗaya ya fi bincike goma ɓarna, kuma shekara bakwai yake zama a rahoto.

Idan saura wata shida zuwa shekara, sai an duba. Mai dogon tarihi da makin da ya haura 780 da tazara ba abin da zai same shi. Mai gajeren tarihi, ko wanda ke bakin hawa, gara ya bari.

Idan saura wata shida ko ƙasa, a rufe ƙofa. Aikin wannan lokaci daban ne. Ka shiga AnnualCreditReport.com, shafin da doka ta tanada, ka sauke rahotanni ukun kyauta, ka bi su layi-layi. Idan akwai kuskure, yanzu ne lokacin ƙorafi, domin hukumomin suna da kimanin kwana 30 su bincika, kuma asusun da ke ɗauke da alamar ana jayayya a kansa yana iya tsayar da fayil idan an riga an fara tantancewa. Sannan ka sauke bashin tsofaffin katunanka. Ana yawan cewa ƙasa da kaso 30 na iyaka, amma ƙasa da 10 ya fi ɗaga maki. Ga dabarar da ba kowa ya sani ba: yawancin kamfanoni adadin da ke kan katin ranar rufe lissafin wata suke aika wa hukumomi, ba abin da ya rage bayan ka biya ba. Mutum yana iya biyan katinsa tas kowane wata, amma rahoto ya riƙa nuna shi da bashin dala 1,800. Ka duba ranar rufe lissafin a takardarka, ka biya kwana biyu ko uku kafinta. Kuma kada ka rufe tsohon kati don ka ga ba ka amfani da shi, rufe shi yana rage jimlar iyakarka, kason da ka ci ya tashi.

Daga ranar da ka miƙa fom zuwa ranar rufewa, ka bar komai yadda mai tantancewa ya gan shi. Ka ci gaba da cefane da shan mai da tsohon katinka kamar kullum, kana biya. Babban kaya ya jira. Idan wata larura ta taso, kamar mota ta mutu, ka kira jami'in rancenka kafin ka sa hannu a ko'ina, ya sake buga lissafin ya gaya maka nawa fayil ɗin zai iya ɗauka.

Katunan da ba sa zuwa da sunan kati

Kantin kujeru ko na kayan lantarki zai ce maka ka ɗauki kaya yau, babu ruwa har wata 12, ko mai karɓar kuɗi ta ce za a rage maka kaso 10 idan ka cike ɗan fom. Wannan fom ɗin katin bashi ne, da bincikensa da sawunsa. Ya ma fi muni, don iyakar da ake bayarwa takan yi daidai da kuɗin kayan, sai katin ya bayyana a cike maƙil tun ranar farko. Haka tsarin saya yanzu biya daga baya, irin na Affirm da Klarna: ko bai fito a rahoto ba, mai tantancewa zai ga ana cirar kuɗin a takardun bankinka na wata biyu ya yi tambaya. Neman ƙarin iyaka a tsohon kati shi ma a wasu kamfanoni bincike mai sawu ne, ka tambaya kafin ka danna. Tsaya wa ɗan'uwa ya karɓi rancen mota kuwa, a idon banki bashinka ne. Abu ne mai nauyi ka ce wa ƙaninka ya dakata, amma wata biyu ne.

Matar aure ko mijin da ba ya cikin rancen fa? A yawancin jihohi katinsa bai shafi fayil ɗin ba, muddin bai sa sunanka a kai ba. Amma a jihohin da doka ke ɗaukar dukiyar ma'aurata ta haɗaka ce, irin su Texas da Kalifoniya da Arizona, rancen FHA yana lissafa bashin abokin zama ko da ba shi ke karɓar rancen ba. Mazauna Houston da Dallas su riƙe wannan.

Masu gudun riba da ke bin kamfanonin musharaka ko murabaha, irin su Guidance Residential da UIF, kada su ɗauka su abin bai shafe su ba. Su ma suna buɗe rahoton bashi, suna auna kason albashi, kuma farashinsu yana bin maki. Shi kansa katin, malamai sun saɓa a kan riƙe shi ga wanda ke biya tas kafin ruwa ya hau, wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malamin da ya yarda da shi. Ta fuskar lissafi dai magana ɗaya ce: ruwan katin bashi a Amurka ya haura kaso 20 a shekara a 'yan shekarun nan, don haka wanda ke barin bashi ya kwana wata, kashbak na kaso 2 bai amfane shi da komai ba.

Me kati zai iya biya a cinikin gida?

Zubin farko ba ya fitowa daga katin bashi. Ciro tsabar kuɗi daga kati a zuba a asusu ma ba mafita ba ce, domin duk kuɗin da ya shigo a dunƙule ya haura rabin kuɗin shigarka na wata sai ka nuna tushensa. Wannan ƙa'ida ita ke kama masu kwasar adashi da waɗanda aka turo wa kuɗi daga gida, don haka irin wannan kuɗi ya shiga asusu da wuri, ko a tanadi takardunsa. Abin da za ka iya biya da tsohon katinka shi ne ƙananan kuɗaɗen farko, kamar na mai duba lafiyar gida da na mai kimanta darajarsa. Fannie Mae ya yarda a biya irin waɗannan kuɗaɗen neman rance da kati har kaso 2 na rancen, da sharaɗin a ga kana da kuɗin biya a asusu ko a sa shi cikin lissafin bashinka. Kashbak ɗin da ka riga ka tara a tsohon kati kuwa naka ne, kana iya mayar da shi kuɗi ya shiga asusunka kafin rufewa. Biyan gidan na wata-wata kuma yawancin bankuna ba sa karɓarsa ta kati, kamfanonin da ke shiga tsakani suna cajin kusan kaso 3, ya cinye kashbak ɗin har da ƙari.

Idan ka riga ka nemi katin

Kada ka ɓoye, kada kuma ka yi gaggawar rufe katin, rufewa ba ta goge sawu, ba ta kuma cire asusun daga rahoto. Ka kira jami'in rancenka a ranar, ka gaya masa sunan kamfanin da ranar da iyakar da aka ba ka. Kada ka kashe ko dala ɗaya a kai. Katin da babu bashi a kansa ba ya ƙara komai a kason albashi, sau da yawa wasiƙar bayani mai layi uku da hoton shafin asusun da ke nuna sifili sun wadatar. Idan ka riga ka ɗora kaya, ka tambaya kafin ka biya, domin kuɗin da za ka biya da su wataƙila su ne aka lissafa a matsayin ajiyarka ta rufe ciniki. Idan an ce ka biya, ka karɓi shaidar biya, jami'in yana iya nema wa fayil ɗin sabunta maki na gaggawa, wanda ke ɗaukar kwanakin aiki kaɗan maimakon jiran wata. Banki ne kaɗai ke iya neman wannan, ba kai ba. Idan hana ka katin aka yi, sawun yana nan, sai ka rubuta cewa ba a buɗe asusu ba, ka haɗa da wasiƙar hanin.

Mazauna Birtaniya su ma kusan haka abin yake. Banki yana iya sake duba rahoto bayan ya ba da tayin rance, kafin ranar kammalawa, kuma yana da ikon janye tayin. Can haɗarin ya fi tsanani bayan musayar kwantiragi, domin mai saye yakan ajiye kaso 10 na kuɗin gida a lokacin, kuma zai iya rasa shi idan ya kasa kammalawa.

Yaushe ƙofa ke buɗewa?

Ba ranar da aka ce an amince da fayil ɗinka ba, ba kuma ranar da takardar Closing Disclosure, mai ɗauke da lissafin ƙarshe na rancen, ta iso ba, wadda doka ta ce a ba ka kwanakin aiki uku kafin rufewa. Waɗannan kwanaki ukun ma su ne lokacin da ake leƙen ƙarshe. Ko sa hannu bai isa ba a wasu jihohi, musamman na yammacin ƙasar, inda ake sa hannu yau kuɗi ya fita bayan kwana ɗaya ko fiye. Ka tambayi jami'in rance ko kamfanin da ke riƙe da takardun ciniki tambaya biyu: an saki kuɗi? An yi rajistar gidan da sunana a ofishin gunduma? Idan duka biyun e ne, ka nemi katinka ko a daren.

Makonnin farko ma sun fi dacewa, domin sabon rancen gidan yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana a rahoto, kuma da ya bayyana maki yakan ɗan sauka na wani lokaci. A fom ɗin katin ka rubuta sabon adireshi da ainihin biyan gidan na wata. Ka jera sayayyar da dama za ka yi, firji da injin wanki su kaɗai sun isa cika sharaɗin tukwicin shiga, ka biya su daga kuɗin da ka riga ka ware kafin ranar biyan katin ta zo. Idan kuma kana da niyyar sake fasalin rancen nan da 'yan watanni don samun ruwa mai sauƙi, to sabon fayil ne za a buɗe, da sabon bincike da sabon lissafi, sai ka ƙirga wata shidan daga ranar da kake sa ran miƙa wancan fom.